Maleji Ya Ce Ɗari, Waya Ta Ce Casa'in da Huɗu

A Gozakin da na buɗe ido na sani, cikin shekarun 1980, da wuya ka shiga motar da malejinta ke aiki. Allurar tana nan kwance a kan sifili, ko motar na tsaye a bakin kasuwa ko tana keta daji da buhunan dawa. Kuma ba mai ɗaukar wannan a matsayin lalacewa. In birki ya ƙi, mota ta lalace. In lagireto na yoyo, dole a tsaya. Amma maleji, ko wajen cinikin mota ba a rage sisin kwabo don ya mutu.

Garinmu tsohon gari ne a ƙasar Kafur, cikin yankin noman nan na Funtuwa da Malumfashi, inda auduga da dawa da masara ke riƙe da kowa. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a tsakiyar shekarun 1970 da kuɗin Bankin Duniya, ya zo da taki da sabon iri da hanyoyin burji, su kuma suka jawo motoci. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin waɗanda kuɗin auduga ya kai Makka, ya kuma saya musu a-kori-kura, Fijo 504 haɗin Kaduna. Da kaka motar nan ba ta hutawa: yau auduga, gobe hatsi zuwa kasuwar Bakori, jibi amarya da 'yan rakiya. Ni kuwa da an ba mu hutu a makaranta nake zama yaron motarsa. Aikina ɗaure kaya da sa weji da zuba ruwa.

Kawu da kunne yake sanin gudunsa. Kukan inji a giya ta huɗu, da yadda iska ke kaɗa tamfol a baya, da 'yar rawar da sitiyari ke somawa in an kai wani ƙadami, su ne ma'auninsa. Sai ka ji ya ce, "Yanzu muna kan saba'in." Ba shi da shaida, kai ma ba ka da ita, magana ta ƙare.

A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka na shugabanta. Kafin mu ga ko mutum ɗaya cikin kakinsu, labari ya cika tashar Malumfashi cewa 'yan Rodi Sefti za su riƙa kama duk motar da malejinta ya mutu. Ko gaskiya ce ko ƙanzon kurege, Kawu dai bai so a fara da shi ba, ya kai motar wajen wani tsohon bakanike a cikin garin. A nan na fara ganin hanjin maleji.

Tsohon ya kwanta ƙarƙashin motar, ya kwance wani dogon kebul daga jikin giyabos, ya zaro cikinsa: wani siririn ƙarfe murɗaɗɗe da ya tsinke dab da kai. Sannan ya ciro malejin gaba ɗaya, ya shimfiɗa tsumma a cinyarsa, ya buɗe bayansa. "Yaro, matso ka ga abin da ya hana kawunka barci." Ɗan maganaɗisu ne a cikin wani ɗan ƙoƙon alminiyon, ba ma sa taɓa juna. Allurar tana jikin ƙoƙon, wani siririn sifirin da ya nannaɗe kuma yana mayar da ita sifili. Ya cusa kan sabon kebul, ya murza ɗaya kan tsakanin tafukansa, sai ga allura ta ɗago ta taɓa 20, ta koma ta kwanta. Ya ƙara saurin murzawa ta haura 40, mu kuwa muna zaune a kan benci. Daga baya na karanta cewa wani Bajamushe, Otto Schulze, shi ya yi rajistar wannan ƙira tun 1902. Wato ranar da nake baki buɗe ina kallonta ta haura shekara 80 a duniya.

Abin da tafukan tsohon nan suka nuna mini shi ne, maleji bai taɓa ganin hanya ba. Juyi kawai yake ƙirgawa. Kamfani ya riga ya yanke masa cewa juyi ɗaya na taya nisa kaza ne, a kan wannan zato yake lissafinsa har ya mutu. Na motocin yanzu ma haka yake. An cire kebul, an sa 'yar na'ura mai aika saƙo ta lantarki daga giyabos ko daga gindin taya, amma har gobe juyi ake ƙirgawa.

Ba a jima da gyaran ba, malamin lissafinmu ya shiga gaban motar za shi Funtuwa. Lokacin turakun kilomita na nan tsaye a gefen kwalta da lambobinsu, ba a gama tuge su ba. Da muka sami miƙaƙƙiyar hanya sai Malam ya kwance agogonsa ya riƙe a hannu.

"Alhaji, riƙe ta a kan tamanin. Kada ka ƙara, kada ka rage."

"To, Malam, me za a yi?"

"In tamanin ɗin nan ta gaskiya ce, sakan 45 za mu yi daga turke zuwa turke."

Aka wuce turke, Malam ya zuba wa agogo ido, ni na leƙo ta gilashin baya ina neman na gaba. Sakan 48. Aka sake, haka. Malam ya yi 'yan rubuce-rubuce a bayan hannunsa ya ce saba'in da biyar muke yi. Kawu ya kalli malejin da ya biya kuɗi aka gyara, ya kalli agogon, ya ce, "Malam, ko dai agogonka, ko masu kafa turakun nan sun ci kuɗin awo. Bature ba ya sa ƙarya a ƙarfe." Malam ya yi dariya ya ɗaura agogonsa. Kafin damina ta zagayo allurar ta sake kwanciya, ba wanda ya ƙara bi ta kanta.

Sai zamanin Beljiyam ya zo. Motocin da Turawa suka gama yayinsu suka riƙa shigowa ta Kwatano, Golf da Sharon suka ture Fijo daga tasha, daga baya Homa ta biyo. Waɗannan da malejinsu a raye suke isowa. Tare da su kuma aka shigo da wata rigimar, wato motocin Amurka, su Camry da Corolla da Sienna, waɗanda manyan lambobin malejinsu mil ne, kilomita kuma an rubuta shi ƙanana daga ciki. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yan kai. Nijeriya kuwa ta bar awon mil tun shekarun 1970, don haka direbobi da yawa sun tashi ba su san akwai wani awon ba.

Wani dillalin hatsi a wajenmu ya sayi irin wannan Camry a shekarar da masara ta yi masa kyau, ya kwashe mu zuwa ɗaurin aure a Funtuwa. Tun daga fitowa yake yabon kansa: shi fa mai iyali ne, ba ya wuce tamanin ko ana ha-maza-ha-mata. Allura kuwa tana kan 80 daram. Amma muna ta wuce motocin haya ɗaya bayan ɗaya, iska na kukan fitar hankali a jikin gilashi. Har ya ce, "Ashe 'yan hayar nan ma suna ne kawai, ba wani gudu suke ba." Wani yaro da ke maƙale a baya ya miƙo yatsa ya ce, "Alhaji, dubi ƙananan lambobin ciki." Mil 80 kilomita 129 ne. Alhaji ya ɗaga ƙafa daga totur, bai sake magana ba sai da muka shiga gari.

Dokar hanya ta ƙasar nan ta ce kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, sai a tagwayen hanyoyi ne ƙaramar motar gida ke da 100, tasi da bas kuma 90. Hanyoyinmu na Kafur da Malumfashi da Bakori duk 'yan tamanin ne, ko da yake ban taɓa jin wani direba ya ambaci wannan lamba da niyyar bin ta ba. A watan Oktoban 2016, zamanin Boboye Oyeyemi, Rodi Sefti suka fara jan kunnen motocin haya su sa na'urar ƙayyade gudu, daga 1 ga Fabrairun 2017 suka fara kamu. An yi ta ƙorafi a tasha, wasu na cewa tsada, wasu na cewa ranar da 'yan fashi suka biyo ka na'urar ce za ta miƙa ka. Abin da ban ji kowa ya tambaya ba shi ne, wane gudun za a ƙayyade, na maleji ko na gaskiya. Har lokacin kowa na ganin abu ɗaya ne.

Waya ce ta raba su. A 2019 manhajar Google Maps ta fara nuna gudun mota a wata 'yar da'ira a gefen fuskar waya, ga kuma wasu ƙananan manhajoji da aikinsu ke nan kaɗai. Bayan girbin shekarar muka tashi daga Gozaki zuwa Kano a 406 ɗin yayana, ta Malumfashi da Dayi da Gwarzo. Ɗansa, wanda ke karatu a Zariya, yana gaba, ya jingine Tecno ɗinsa a jikin gilashi.

"Baba, malejinka ya ce ɗari, waya ta ce casa'in da huɗu."

"To, wayar ta taɓa tuƙa mota?"

"A'a, Baba. Amma gwada ragewa mu gani."

Yaya mutum ne mai son a ƙure magana, sai ya yarda. Ya riƙe 80, waya ta ce 75. Ya sauko 60, ta ce 56. Da muka sami wuri mai kyau ya taka har 120, ta tsaya a 113. Na ciro tawa wayar, ita ma abin da ta faɗa ke nan. Da shirme wayoyin suke yi, ai da ba za su yi shi baki ɗaya ba, kuma da tazarar ba za ta riƙa bin tsari haka ba. Ina zaune a baya na tuna agogon Malam. Shekara 31 tsakani, wata Fijo ce daban, amma tamanin ta sake komawa saba'in da biyar.

Ashe da gangan ne. Motocin da ake ƙerawa don kasuwar Turai suna bin wata ƙa'ida ta hukumar tattalin arzikin Turai da ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙa'ida mai lamba 39. Ta ce maleji ba shi da izinin nuna ƙasa da gudun gaskiya ko da kilomita ɗaya, amma yana iya nuna sama da shi, har kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4. Motar da ke tafiyar 100 ta gaskiya, malejinta na iya nuna 114 bai karya doka ba. In ya nuna 99 ya karya. Kamfani kuwa ya san tayoyi ba sa zuwa daidai da juna, don haka sai ya ɗan tura allurar gaba don ko me ya faru kada ta faɗo ƙasa da gaskiya. Kawu ya rasu bai ji wannan ba. Bature na sa ƙari a ƙarfe, kuma a rubuce yake cikin doka.

Ita waya ba ruwanta da taya. Taurarin ɗan'adam take saurare, tsarin nan da ake kira Ji-Fi-Es, wanda sojan Amurka suka fara harbawa a 1978, ya cika taurari 24 yana aiki sosai a 1995. Suna sama da mu da kamar kilomita 20,200, kowanne na zagaya duniya sau biyu a kwana ɗaya, yana ta watso lokaci da inda yake. In waya ta ji aƙalla huɗu sai ta lissafo inda take. Gudu kuma tana samo shi daga yadda wurin ke canjawa, da yadda saƙon ke ɗan matsewa ko buɗewa gwargwadon kusantar tauraro ko nisantarsa. Da can Amurkawa na gurɓata saƙon da farar hula ke samu da gangan, sai a watan Mayun 2000 gwamnatin Clinton ta daina. Yanzu Rasha na da nata, GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma wayoyi da yawa na haɗa su su saurara.

Tana da nata rauni, mun kuma gan shi a wannan tafiyar. Tana makara: Yaya zai taka birki don rami, allura ta faɗo nan take, lambar da ke waya sai ta yi sakan ɗaya ko biyu kafin ta biyo. A hanyar da rabinta birki ne rabinta totur, kullum tana baya. Inda itatuwa suka yi wa hanya rumfa takan yi tsalle-tsalle, da muka shiga ƙarƙashin gadar Kabuga kuwa sai ta daskare. Mun tsaya shan mai tana cewa muna tafiyar 2. Amma a miƙaƙƙiyar hanya, ƙafa a tsaye wuri ɗaya, sama a buɗe, wanda shi ne yawancin ƙasarmu, ban ga abin da ya kai ta gaskiya ba.

Da maganar ta tsaya a nan, da ba abin damuwa. Sai dai ilimi in ya shiga tasha yakan zubar da rabin kayansa a bakin ƙofa. Cikin ɗan lokaci samarin direbobi suka haddace jimla ɗaya: maleji yana ƙara goma. Ba a ce wane maleji ba, ba a ce da wace taya ba. Wanda ke gudun 100 ya koma 110 da zuciya ɗaya, in fasinja ya yi magana a ce masa ai an gwada da tauraron ɗan'adam.

Maƙwabcina yaro ne mai hankali, yana haya da Golf tsakanin Malumfashi da Funtuwa. Kamar sauran 'yan uwansa, biyu yake sawa a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Wata rana ina gaba na ga allura ta zauna a 110, na ce, "Kai, sassauta mana."

"Malam, kwantar da hankalinka, ɗari ce. Maleji ƙari yake."

Na ciro waya na ɗora a gwiwa. Ta ce 113. Na nuna masa, ya saci kallo ya ce wayar ce ba ta da lafiya. Wani ɗan kasuwa da ke baya ya kunna tasa, ita ma 113. Motar ta yi tsit. A lissafinsa yana kan 100, a gaskiya ya haura da 13, kuma malejin da yake zargi da ƙari ragi yake yi masa.

Da muka sauke fasinja a Funtuwa na ja shi wajen wani mai faci da na saba da shi. Muka nemo takardar kamfani da ke manne a jikin motar, ta dushe amma tana karantuwa: 185/60 R14. Muka duba jikin tayar da ke ƙafarta: 195/70 R14. Lambar farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kashi cikin 100 na faɗin, ta ƙarshe kuma girman rim da inci. In ka lissafa, tayar kamfani tsayinta milimita 578, wadda aka sa kuma 629. Bambancin ya kusa kashi 9 cikin 100.

Mai facin bai tsaya sauraron lissafina ba. Ya shiga cikin tarin tsofaffin tayoyinsa ya gangaro da 'yar sittin ɗaya, ya ɗauko igiyar ɗaurin kaya ya zagaya ta, ya ƙulla inda ta haɗe. Sannan ya sa jak ya ɗaga gaban Golf ɗin, ya zagaya tayarta da igiyar nan. Ƙullin bai kai ba, saura wajen taƙi guda. Ya sa babban yatsa da na tsakiya a giɓin ya ɗago wa yaron. "Ka ga wannan? Duk juyi ɗaya, kyautarsa take ba ka, maleji bai sani ba." Santimita 16 ne a lissafi, taya kuwa a irin wannan gudun tana juyawa fiye da sau 900 a minti. Abin kamar mai awo ne da ke ƙirga tiya 40 a buhu, aka musanya masa tiyar da wadda ta fi zurfi bai lura ba. Ƙirgarsa daidai take, hatsin ne ya ƙaru.

Ba don ganganci ake sa manyan tayoyin ba. Motar da aka ƙera don mutum biyar a titin Jamus, ita ke ɗaukar mutum bakwai da buhun masara huɗu ta shiga hanyar ƙauye da damina. In ba a ɗaga sifirin an sa doguwar taya ba, cikinta zai riƙa sharar ƙasa, rami ɗaya ya fasa kaskon baƙin mai. Ga shi kuma a kasuwar tayar Beljiyam abin da ka samu kake saya, sau da yawa ƙafa huɗu kamfani huɗu. Shi ya sa nake ganin maganar nan ta maleji yana ƙari, wadda gaskiya ce a ƙasar da aka ƙera motar, a tashoshinmu ta fi zama haɗari da amfani. Ɗan rangwamen da kamfani ya ɓoye a cikin allura, doguwar taya ta riga ta cinye shi tun ranar da aka ɗaura ta, sai kuma direba ya zo ya sake cin wanda babu. Ko cinyewar taya kaɗai tana motsa lissafin: sabuwa zanenta na da zurfin kamar milimita 8, in ta suɗe tsayinta na raguwa da wajen kashi 2 cikin 100, allura ta ƙara yin gaba. Kowace mota da tata tazarar, kuma tazarar ma ba ta zama wuri ɗaya.

Wani zai ce mene ne 13 a cikin 100. A wajen birki ba ƙaramin abu ba ne, domin nisan da mota ke ja kafin ta tsaya yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa. Daga 100 zuwa 113, ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Wanda ya san hanyoyinmu da kaka ya san abin da ke cikin wannan 'yar tazara: garken shanu na tsallakawa, amalanke ba fitila, mai babur da buhu uku ya fito daga gona bai waiga ba, yara na gadin shanyar barkono a kafaɗar kwalta.

Akwai kuma lokacin da duk wannan lissafi bai dami kowa ba. A watan Satumban 2021, da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari, gwamnatin Aminu Bello Masari, wanda shi ma ɗan ƙasar Kafur ne, ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Mutane suka koma aika saƙo ta hannun direbobi, wasu na yin doguwar tafiya don kiran minti biyu. Haka aka zauna har watan Disamba.

Wata la'asar sakaliya cikin wannan hali muka taso daga Funtuwa a wata Sharon. Wayata ba ko sanda ɗaya ta sabis, amma da na buɗe 'yar manhajar gudun sai ga lamba tana hawa abinta. Wani dattijo da ke kusa da ni ya leƙo ya gani, ya ja jikinsa.

"Ɗana, ba an ce an kashe waya ba? To wannan da wa take magana? Wa take gaya wa inda muke?"

Na ce, "Baba, ba ta gaya wa kowa. Saurare kawai take yi daga sama, ba ta aika komai. Ƙarfen sabis ne aka kashe, taurarin kuwa ba na gwamnatinmu ba ne balle ta kashe su."

Bai gamsu sosai ba, ya ce dai in mayar da ita aljihu, lokacin ba na wasa da irin waɗannan abubuwa ba ne. Kafin in mayar na duba: 124. Allura na wajen 130. Motar cike take da manya, masu iyali, irin waɗanda a da za su cika direba da faɗa tun yana 90, amma ba wanda ya ce uffan. Kowa rana yake kallo yana lissafin inda magariba za ta same mu. Da direban ya ɗan sassauta a wata kwana ma, wata mata daga baya cewa ta yi, "Direba, don girman Allah ƙara mai." A watannin nan ban ji wanda ya yi gardamar maleji da waya ba, kowa ya san gudun ya wuce kima, kuma kowa ya zaɓe shi.

Shi maƙwabcina, tun ranar igiyar mai faci ya ɗauki abin da gaske. Ya roƙe ni na raka shi miƙaƙƙen wuri da sassafe, ina riƙe da waya ina faɗa masa lamba, shi kuma yana lura da allura. Da muka dawo ya karɓo jan farcen matarsa ya ɗiga a gilashin malejin wuri biyu, inda waya ta ce 80 da inda ta ce 100. Ɗigon farko ya faɗo wajen 78. 'Yan tasha suka yi ta yi masa tsiya, suna cewa Golf ɗinsa ta yi kwalliya, amma biyu ko uku cikinsu sun zo daga baya a ɓoye suna tambayar sunan manhajar.

Gaskiya ɗigo na biyu ya fi yi wa aiki, har zuwa ƙarshen watan Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Daga nan ya gano da kansa cewa in ya zauna a kan ɗigon farko man yana kai shi ya dawo da saura, ya koma ɗan tamanin ba tare da kowa ya tsare shi a hanya ba. Tsadar ta bi ta kan taya ita ma. Da na gabansa suka ƙare bai sami irinsu a kuɗin da zai iya ba, ya sa 185/65, waɗanda suka fi na da gajarta. Ya sa reza ya kankare jan farcen, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan sallar asuba, muka sake fita hanyar Malumfashi. Wannan karon tamanin ta faɗo tsakanin 82 da 83.